Muryar Inna

Alƙahira, Maris 2013

Yaya Kulu,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Karatu na tafiya, Larabci da safe, Farisanci da yamma. Sai dai mun yi wa malami alkawarin wata uku ba mai furta harshen gida, shi ya sa ban kira ba. Na kasa zama wuri ɗaya. Jiya a kasuwar Ataba na ji wani Bakano yana faɗa a waya. Wallahi bin shi na yi ta yi kamar ɓarawo, har ya hau mota.

Alhaji Lawal zai zo sarin kaya. Ki naɗo min muryar Inna a memori ki ba shi, ko da faɗa ne. Sauraro dai ba ya cikin alkawarin.

Allah ya ƙara mata lafiya.

Ƙaninki,
Sagiru