Takardar da Ban Ajiye Maka Ba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, Baba, ina sanar da kai cewa na ci jarrabawar birbe ta kammala ƙaramar sakandare, kuma na je Agadas na ga tseren motoci. Kawu Isa ne ya kai ni. Jiya muka dawo Dakoro. Yau watanka takwas da rasuwa.

Ka tuna ba ni ka yi wa alkawarin ba. Inna ka gaya wa, ina tsugune ina wanke kwanoni kusa da ku: "Faɗa wa yarinyar nan, in ta ci, zan kai ta ta ga tsere." Ni ce ƴar fari, na san ba za ka kama sunana ba, kowa ya san wannan kunyar. Amma sani daban, abin da zuciya ke ji daban. Na ɗauka kai ne kake son zuwa, ka fake da ni.

Mun isa filin tun da hantsi. An ja igiya, mutane sun cika bayanta, wasu a kan raƙuma, wasu a kan rufin motoci. Da mota ta farko ta tashi sai na ji ƙarar a cikin haƙarƙarina, na riƙe hannun rigar Kawu kamar ƙaramar yarinya. Direbobin suna sanye da hulunan kwano, ba a ganin fuskar kowa. Wata jar mota ta kafe a rairayi a gabanmu, tayoyinta suna ta haƙa rami. Kawu ya ce da kai ne, da tuni ka sauka ka rage wa tayoyin iska da tsinken ashana, yadda kake yi a hanyar Bader Gula ranar kasuwa. Na yi dariya, sannan na kasa ci gaba da kallo.

Washegari muka zaga gari. Na ga doguwar hasumiyar masallacin nan ta ƙasa, da itatuwa sun fito ta jikinta. Mun bi lungunan tsohon gari, wasu da ƙyar mutum biyu za su wuce. Na ga maƙeran azurfa, na ci dabino da cuku. Duk abin da na gani sai in ce a raina, ashe Baba ya san nan, bai taɓa ba ni labari ba. Ina tafe ina jin haushinka, Baba. Gara in faɗa maka gaskiya.

Da la'asar Kawu ya biya da ni wani gareji, inda ya ce nan kake sayen kayan mota in ka kawo lodi Agadas. Motocin tsere biyu suna ciki ana gyara. Mai garejin dattijo ne mai rawani, Malam Alhasan. Na gaishe shi kaina a ƙasa. Da Kawu ya faɗa masa ko ƴar wa ce, sai ya ajiye sufana ya goge hannu. Ya ce, "Rakiya ke nan? Mai sha bakwai bisa ashirin a lissafi?"

Baba, ban san inda zan sa kaina ba.

Kowane zangon karatu, in an raba mana takardar sakamako, a kan tabarmarka nake ajiye ta. Kakan ninke ta ka sa aljihu ba ka ko duba ba, ka ce wa Inna a kawo ruwa. Ba ka karanta faransanci, ban kuma taɓa jin ka sa wani ya karanta maka ba. Ashe nan kake kawo su. Malam Alhasan ya ce kakan zauna a kan tsohuwar taya, ka sa ya karanta maka tun daga sama har ƙasa, in wani ya shigo ka ce a sake daga farko. Ya ce har sun gaji da kai, suna tsokanarka wai ko kai ka rubuta jarrabawar. Kai kuma kana cewa, "Rakiyata ce, ku dai saurara."

Sai ya ce zuwanka na ƙarshe ba ka kawo komai ba. Da ya tambaye ka, ka ce bana ba a raba ba tukuna.

An raba, Baba. Kai ma ka san an raba, don ƴar maƙwabtanmu ajinmu ɗaya, kuma a gabanka ubanta ya yi mata faɗa kan tata. Ni ce na ɓoye ta a ƙasan akwatina. Na ce tunda ba ka damu ba, me zai sa in ci gaba da ajiyewa. Kwana da kwanaki ina lura da kai, in ga ko za ka tambaya. Ba ka tambaya ba, ni ma ban kawo ba. Bayan sati biyar ciwon ajali ya kwantar da kai.

Ban iya gaya wa Malam Alhasan ba. Ya ba ni shayi, na riƙe kofin har ya huce. Inna ma ban gaya mata ba.

Yanzu takardar tana gabana, ta yi layin ninki. Bari in karanta maka tun daga sama, yadda Malam Alhasan ya saba yi. Faransanci, sha huɗu. Lissafi, sha takwas. Tarihi, sha biyu, a nan na yi sakaci. Kimiyya, sha shida. Ni ce ta biyu a aji. A ƙasa mushe, wato malaminmu, ya rubuta cewa ɗaliba ce mai ƙoƙari, amma ta cika shiru.

Ka yafe mini, Baba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa ka huta daga doguwar hanya. Allah Ya haɗa mu a inda zan ji da kunnena kana kira na.

Taka,
Rakiya
Dakoro