Na ɓoye na'urar da ke auna gudun ɗana

Malama Salwa, ki taimake ni, don wannan ba maganar da zan kai wa maƙwabta ba ce.

Ɗana Mika'ilu, mai shekara ashirin da uku, yana buga zari-ruga a wata ƙungiya a nan Accra. Ban taɓa son wasan ba, ƙarti suna ta kayar da juna, amma na haƙura. Makon jiya ina wanke kayansa na ga wata 'yar singileti mai aljihu tsakanin kafaɗu, a ciki akwai wani abu baƙi, daidai girman laya. Ni dai na ɗauka laya ce. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda a rataya wa yaranmu abin da ba mu san wanda ya rubuta ba. Na naɗe shi a tsumma na tura ƙasan kwalla. Bayan kwana uku na hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Madina wurin yayana Malam Abdulai. Ya danna, wata 'yar fitila ta kama, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce na'ura ce mai auna nisan gudun ɗan wasa. Wallahi sai a lokacin na iya cin abinci.

Amma kocinsu ya ɗauka Mika'ilu ne ya yar da ita, ya ce in bai kawo ba, ba zai buga wasan tantancewa ranar Asabar ba. Yana ta birkita ɗaki, ni kuwa na yi gum. Kuma yayana ya ce sukan yi gudun kilomita bakwai a wasa ɗaya. Wata zuciyar tana ce mini in bar ta a kwalla, yaron ya huta.

Uwa mai jin kunya, Maamobi

Hajiya, kwantar da hankalinki. Uwar da ta binciki abin da ɗanta ke ɗaurawa a jiki ba ta yi laifi ba, kuma da Mika'ilu ya yi miki bayani tun farko da ba a kai nan ba. Shirun da kike yi yanzu ne kaɗai laifin.

Game da nisan, a wasan minti tamanin ɗan zari-ruga yakan ci kilomita biyar zuwa bakwai, gwargwadon gurbinsa a fili. Mafi yawansa tafiya ce da sassarfa, gudun gaske kaɗan ne. 'Yan ƙwallon ƙafa sukan kai goma. Saurayi mai lafiya da atisaye ba zai cutu da wannan ba. Inda ya kamata ki sa ido shi ne karo, musamman a ka. Ki tambaye shi me ƙungiyar ke yi idan ɗan wasa ya bugu. Na'urar kuwa tana taimaka wa koci ya san lokacin da zai hutar da shi.

Ki ciro ta yau, ki miƙa masa da hannunki, ki faɗi gaskiya. Sannan ki kira kocin da kanki, don sunan ɗanki ne ya ɓaci, ba naki ba. Zai yi fushi na yini ɗaya. Idan Asabar ta wuce, fushin zai daɗe.

Allah ya ba shi sa'a, ya dawo miki da shi lafiya.