Zagaye a Shagon Hobart

Letcher, Kentucky, Maris

Yaya Ozella,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki, ya gwiwar? Ina fata sanyin Dayton ya sassauta.

Kin tambayi abin da nake yi tun rasuwar matata Lorene. Jitar Baba na ɗauko daga ƙarƙashin gado. Ba malami, sai bidiyo a waya. Kullum da safe ina bin matakan sauti, in hau in sauko, ɗan ɓallen robar kaɗa tsirkiya a hannu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, har shayi ya huce. Gidan shiru, ko kuskure na yi ba mai cewa komai.

Ran Asabar ina zuwa shagon askin Hobart Caudill, inda ake zama a zagaye ana kiɗan gargajiyarmu na bulugiras, kamar zamanin Baba. Kowa ana ba shi fili ya kaɗa nasa shi kaɗai, sauran suna rakiya. Tun kaka nake zuwa. Fili ya zo kan na damana, ya tsallake ni, ya faɗa kan na haguna. Ba su taɓa wulaƙanta ni ba, ba su kuma taɓa ba ni ba.

Ɗakin da kika ce kin ware mini, ina ganin zan karɓa. Ba abin da ya riƙe ni a nan.

Ki gaida Delmer.

Ƙaninki,
Verlon

Letcher, Afrilu

Yaya Ozella,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Kada ki gyara ɗakin tukuna.

Na je yi wa Hobart sallama, na faɗa masa dalili. Sai ya ajiye almakashi ya ce, "Kai Verlon, wuyana har ciwo yake! Tun kaka nake gyaɗa maka kai, kai kuma ka kafe yatsunka da ido kamar za su gudu."

Ashe ba a kiran suna. Mai jan waƙa yakan dube ka ya gyaɗa kai. In ba ka ɗago ba, ka ce a wuce ka ke nan, kuma rashin ladabi ne a matsa maka. Tsohuwa Arbutus mai goge ta ce, "Mu da muka ɗauka makoki kake yi, ɗan nan."

Bidiyo bai koya mini wannan ba.

Asabar da ta wuce na ɗago. Hobart ya gyaɗa. Na kaɗa, na ɓace a tsakiya, suka riƙe mini kiɗan har na dawo. Na fito da murna, na kama hanyar gida da sauri don in ba da labari. Sai a bakin ƙofa na tuna ba kowa a ciki.

Yanzu ina koyon kaɗawa ba tare da kallon hannu ba. Dole ido ya sauka wani wuri, shi ya sa na juyo da kujerar Lorene tana fuskantata. In na kai ƙarshen layi, nakan ɗan jira ta.

Ki kula da gwiwar.

Naki,
Verlon