Dodannina Bakwai a Matakalar Haikali

Litinin, 6 ga Oktoba

Yaya Sumie ta kwashe dodannina. Duka bakwai ɗin.

Da rana tsaka ta kira ni, ina ofis da lemar wani fasinja a hannu ina liƙa mata lamba. Ta faɗa kamar mai ba da labarin ruwan sama: an gama fitar da kayan gidan Inna, masu rushe gidan za su zo ƙarshen wata, "kayan wasanki kuma mun kai su haikali tare da 'yan tsanan Inna."

Kayan wasa! Shekara goma sha ɗaya na yi ina tara Dodannin Teku, waɗanda ake haɗawa da ƙananan bulon roba, kwali bayan kwali, kamfanin ma ya daina yin su tuni. Mai Ido Tara kaɗai bulon roba dubu huɗu ne da ɗoriya, wata uku na yi ina haɗa shi har fatar babban yatsana ta tsage.

Na ce wane haikali? Ta ce na kan tudu, wanda ke kallon tashar masunta, ranar Lahadi za a yi addu'ar sallamar 'yan tsana. Na ce su 'yan tsana ne? Ta ce, "Suna da ido, Chizuru. Kin san Inna ba ta yarda a jefa mai ido a bola ba."

Na kashe wayar tana cikin magana.

Talata, 7 ga Oktoba

Wai sau uku Yaya ta aiko mini saƙo in zo in kwashe kayana. Na duba. Uku ne. Ban buɗe ko ɗaya ba, amma ai mutum yana iya kira.

Ina zan sa su a nan Osaka? Ɗakina faɗin tabarma shida ne kacal, ƙananan ma a kan firji suke zaune. Shi ya sa na bar manyan a kabad ɗin gilashi na tsohon ɗakina, na ɗauka babu inda ya fi gidan uwata aminci. Ashe wauta na yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shekara ashirin aikina ke nan a ofishin kayan tsintuwa na tashar jirgin ƙasa. Haƙoran roba, takalmi ƙafa ɗaya, har tokar mamacin da aka ƙone gawarsa na taɓa ajiyewa wata uku sai da mai ita ya zo. Ni kuwa 'yar'uwata ciki ɗaya ta kasa ajiye mini nawa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na kira haikali. Matar babban malamin ce ta ɗauka, Iya Fusako, kunnenta ya yi nauyi sai da na yi ta ihu a kan matakalar ofis.

"Dodanni? 'Yar nan, abin da aka kawo bana ya fi dubu shida, har da kura mai ganga. Zo ki duba da idonki." Ta ce kafin addu'a mai abu yana iya canza ra'ayi ya ɗauki abinsa, ba laifi. Da zarar malam ya karanta ya yayyafa gishiri, shi ke nan, an sallame su, ba wanda ke komawa gida da abin da aka sallama. Na tsumma da na itace wuta, na roba kuma mota ce ke kai su injin niƙa.

Injin niƙa. Ta faɗa hankali kwance kamar ta ce shayi.

Shugabanmu ya hana ni hutu sai Asabar. Na sunkuya na yi masa godiya, a cikina ina zagin gashin da ya kwantar a kan sanƙonsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na ci taliya da Nishiwaki bayan aiki, shi ne sakataren ƙungiyarmu ta masu haɗa bulo. Na ɗauka zai taya ni baƙin ciki. Ya ajiye tsinken cin abinci, fuskarsa ta yi fari, ya ce, "Har da Ƙaguwa Mai Ƙaho? Ta bugun farko? Mai koren ƙaho da ake gani ta cikinsa?" Na ce har da ita.

Sai ya ce, "In ba ki kai kan lokaci ba, ki tambaye su inda motar ke juye su. Ƙahon nan kaɗai nake nema."

Na ce, "Kai dai ungulu ne." Ya yi dariya ya ce ai ya sani.

Daga nan ya tambayi jikin Inna. Na ce ba shi ya kawo mu ba. Ya ce yaushe rabona da ita, na ce ya ci taliyarsa kafin ta jiƙe.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Shekara biyu da wata huɗu rabona da Inna. Ba wanda zai karanta wannan, to na rubuta.

A zaman tunawa da Baba, gaban kawunnai da matansu, Inna ta ce ta haifi 'ya'ya mata biyu, ɗaya ta girma, ɗaya tana nan da shekara arba'in da uku tana wasa da dodon roba. Kowa ya yi dariya. Na ɗauki jakata na fita. Bayan haka sau ɗaya na koma, lokacin da ciwon mantuwa ya fara kama ta, ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Minti goma na yi na ce jirgi zai bar ni.

Na sayi kwalaye bakwai da takardar naɗe kayan fashewa. Jirgin bakwai da kwata.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na same su.

Matakalar haikali daga ƙasa har sama jan ƙyalle ne, 'yan tsana jere kafaɗa da kafaɗa, dubban idanu suna kallon teku. Tsofaffin unguwa suna ta jera wasu suna gulma. Ban sha wahalar nema ba. Iya Fusako ta ba su layi na uku, tsakanin wata amarya mai farar fuska da jarumi mai sulke. Ta ce, "Munanan nan naki ne? Tun Litinin yara ke zuwa kallonsu."

Na durƙusa na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙura, ko a cikin haƙoran Sarkin Laka inda ni kaina sai da burushin fenti nake shiga. Amma wutsiyar Macijin Gishiri a juye take, kuma da na taɓa ta ta ƙi motsi. Na kankare da farce. Shinkafa ce. Dafaffiyar shinkafa aka murje aka liƙe bulon da ita, kamar yadda Inna ke liƙe ƙofofin gidanmu na takarda. Wuri biyar na ƙirga. A duniyarmu ta masu haɗa bulo ko gam na gaske mutum ya sa wa bulo sai an daina gaishe shi, ni kuwa shinkafa aka sa wa nawa. Na yi ta masifa ni kaɗai har wata tsohuwa ta matsa da kujerarta.

Na naɗe biyu na sa a kwali sai ga Yaya Sumie. Iya Fusako ce ta kira ta, garin nan ko tari mutum ya yi sai an kai rahoto. Ta rame. Ban ce mata ta rame ba.

Na ce, "Kin kyauta. Ɓarauniya."

Ta ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa. Kin gane hanya?"

Na ce wa ya ba ta izini. Ta ce ba ita ta ce a kawo su ba, da ta ita ce da tuni suna cikin buhun shara na ranar Alhamis. Ta miƙa hannu ta ciro takardar da aka ɗaure a ƙafar Mai Ido Tara, irin wadda duk mai kawo abu yake rubuta kalmar ban kwana a kai. Ta ce, "Karanta, tun da kin iya karatu in ba saƙona ba ne."

Rubutun Inna ne, ya karkace yana gangarowa. Ta rubuta cewa kayan ƙaramar 'yarta ne, Chizuru, tana son su ƙwarai, ta riga ta gidan gaskiya, a taimaka a aika mata su.

Na karanta sau biyu. Na ce wace irin hauka ce wannan, me ya sa ba ki gyara mata ba?

Yaya ta ce, "Na gyara. Kullum sai ta tambaye ni ina kike, in ce kina Osaka kina aiki. Sai ta ce to me ya hana ta zuwa? Ke gaya mini amsar da zan ba ta. Wata rana da kanta ta ce, ai yarinyar nan ta rasu ko, shi ya sa. Daga ranar ta daina tsayuwa a bakin ƙofa. Na bar ta a haka, kuma ban yi nadama ba."

Ta ce kafin a kai ta gidan kula da tsofaffi, kowace safiya sai ta buɗe kabad ɗin ta goge su. In wani abu ya ɓalle sai ta shiga kicin ta ɗebo shinkafa.

Na ci gaba da naɗewa. Ta tsaya a kaina ta ce, "Kwashe abinki. Gobe ƙarfe goma zan turo Inna a keken marasa lafiya, sati guda tana tambaya yaushe ne ranar. In ta ga wurin wayam, ke za ki yi mata bayani."

Ta tafi. Na zauna a matakala da Ƙaguwa a cinyata har Iya Fusako ta kawo mini shayi ta ce za su rufe ƙofa ƙarfe biyar. Na tsani Yaya. Na tsani garin nan da warin kifinsa. Na mayar da biyun inda suke don kwalayen sun yi ƙanƙanta, gobe da sassafe zan nemo manya.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ban nemo kwalaye ba.

Na tsaya can baya kusa da ƙararrawar haikalin inda ba za a gan ni ba. Malam ya yi ta karatu, hayaƙin turare yana shiga ido. Har lokacin da ya ɗauki kwanon gishiri ina gaya wa kaina taku ashirin ne kawai, in ruga in rungumo ko Mai Ido Tara. Ya bi layi na ɗaya, ya bi na biyu. Gishirin ya sauka a kan dodannina, na ji ƙararsa a kan roba daga inda nake.

Inna tana gaba a keke, an lulluɓa mata bargo a gwiwa, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ta haɗa tafin hannu tana motsa baki. Da aka gama Yaya ta juyo da keken, hanyar fita kuma ta gefen ƙararrawa take. Ban yi lissafin wannan ba.

Inna ta dube ni. Na jira sunan ƙanwarta.

Ta ce, "Chizuru." Ba ta firgita ba ko kaɗan, murmushi ma ta yi. "Har kin zo karɓa? Kai, malamin nan akwai sauri."

Yaya ta buɗe baki, na girgiza mata kai.

Inna ta kama hannun rigata ta ce, "Duka na aiko miki, ban rage ko ɗaya ba. Macijin nan ya ɗan karye a hannuna, na gyara, kada ki yi fushi." Na ce na gani, ya yi kyau. Ta ce, "Can akwai wurin ajiye su?" Na ce akwai, da faɗi. Ta ce to madalla, don ɗakinki na Osaka kamar akwatin ashana yake.

A bayanta ma'aikata suna loda na roba a mota, sun sa farar safar hannu. Na ga koren ƙaho ya wuce. Ban janye hannuna ba, ita ce ta riƙe, kuma tsohuwar akwai ƙarfi.

Ta ce, "Ana barinku ku daɗe?" Na ce sai jirgin huɗu.

Talata, 14 ga Oktoba

Nishiwaki ya aiko saƙo yana tambayar inda motar ta juye su. Na aika masa hoton ungulu.

Har yanzu ban yafe wa Yaya ba, kuma ta sani. Ta kira ɗazu wai Inna ta gaya wa duk ma'aikatan gidan cewa 'yarta ta zo daga lahira kuma ta yi ƙiba. Yau da safe ta sa an tura kekenta bakin ƙofa, ta ƙi komawa ciki har abincin rana. Yaya ta ce, "Kin ga abin da kika jawo? Yanzu me zan ce mata?"

Na ce ki ce mata Asabar.