Rukunin Jini Tukuna, Sannan Unguwa

Litinin, 5 ga Mayu 2025
Kwamfutar asibitinmu ta sake kunyata ni. Sista Lami ta nemi masu ba da jini 'yan rukunin O negatif da ke kusa, allo ya yi ta juyawa har ya daskare. Akwai wata Asama'u daga unguwar Chaza, za a yi mata tiyatar haihuwa ran Juma'a, babu jininta a firij. Sista ta ce, "Alheri, ke ce mai kwamfuta fa."

Talata, 6 ga Mayu
Na gano ciwon. Oga Cletus, wanda ya gina rumbun bayanan kafin ya koma Abuja, ya yi wa kowane kolom, wato sashen bayani, indes ɗinsa daban, jerin da injin ke bi don saurin nemo suna: rukunin jini, unguwa, ranar da mutum ya ba da jini. In an tambayi ukun tare, sai injin ya bi sunaye dubbai ɗaya bayan ɗaya. Indes guda ake so, wanda ya jera mutane da ukun a haɗe.
Amma Oga ya ce kada in kuskura in taɓa. Na kira shi, bai ɗaga ba.

Laraba, 7 ga Mayu
Na taɓa. Na haɗa indes guda, na sa rana a farko, ba abin da ya canza. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Alhamis, 8 ga Mayu
A Keke Napep abin ya faɗo min. Rana "daga kaza zuwa kaza" ce, in ta zo gaba sai ta warwatsa sauran. Abin da aka sani tak shi ne gaba: jini, sannan unguwa, rana a ƙarshe.
Na sake jerawa. Kafin Sista ta ɗaga yatsa, suna uku sun fito. Ɗaya ya yi tafiya, ɗaya lambarsa ba ta shiga.
Na ukun ni ce. Da kaina na shigar da sunana lokacin gwajin rumbun, da jinina na gaskiya. Ni da ko allurar zazzaɓi sai an riƙe ni!
Sista ta ce, "To, 'yata, ki karya da kyau gobe."

Asabar, 10 ga Mayu
Mace aka samu, uwa lafiya.
Jiya da aka ɗebi jinina ban suma ba, bango kawai na kalla. Na sabunta ranata a rumbun. Na so in goge sunana gaba ɗaya, amma aiki ya yi min yawa, sai wani lokaci.
Oga Cletus ya kira ɗazu. Ban ɗaga ba, ina cin abinci.