Hancin Gidan Tanko

Kano, daren Laraba, 14 ga Agusta

Yau na sha da ƙyar! Shekara goma ina cika wa yara baki a Garwa ta Kamaru cewa kakana Tanko Bakano ne, gidansa na gindin Dala. Muka hau dutsen ina haki kamar tsohon babur. Daga sama 'yata Zainabu ta ce, "To Baba, nuna mana gidan." Ni da ban taɓa zuwa ba! Na nuna wani lungu da ka, muka sauko, uwarsu tana murmushin mugunta. Sai wata tsohuwa mai ƙosai ta ƙura mini ido: "Kai ɗan nan, wannan hancin ai na gidan Tanko ne!" Hancin da ake tsokanata da shi tun lekol, wato makarantar boko, yau shi ne fasfona.