Keken ɗinkina ya zauna a Kuchigoro

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Baba da Umma, ku yi haƙuri da na ɗauki biro ina rubuta wasiyya alhali kuna raye. Na san abin ya fi ƙarfin shekaruna, kuma na san Umma za ta yi kuka. Amma likita ya sa aikin zuciyata mako mai zuwa, kuma a gabana ya ce wa Baba aikin babba ne. Ni Amatullahi Labaran, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, ina rubutu cikin hankalina, ba zazzaɓi, ba wanda ya sa ni. Da baki ba zan iya faɗa ba, kun san halina.

1. Ba mai bina komai, sai maƙwabciyarmu Maman Simon da na ari almakashinta. Yana cikin akwatina, a mayar mata.

2. Ƙannena, Kauthar ta ɗauki Alƙur'anina da littattafaina. Nazeefa ta ɗauki mayafin nan ruwan toka, tunda dama ta fi ni sa shi.

3. Wannan shi ne dalilin rubutun. Keken ɗinkin da Hajiya Kaka ta ba ni, da shi na fara ɗinka ƙyallen al'ada mai wankuwa, wanda Baba yake kira "kayan aikin Amatu" don kada ya ambaci sunansa. Na fara ne saboda 'yan ajinmu da suke fashin makaranta duk wata, audugar kanti ta fi ƙarfin iyayensu. Da ciwo ya hana ni taka keken, Baba ya yarda aka kai shi sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro, wurin Anti Lucy, wadda ta gudo daga Gwoza da 'ya'yanta, take zuwa mana wanki. Yanzu ita ke ɗinki, ni da ƙannena muna sayarwa a makaranta. Da wannan aikin ta mayar da 'yarta Rita aji.

Ina so keken ya zama nata. Na tambayi Malamarmu ta Islamiyya, ta ce ya halatta a yi wa wanda ba Musulmi ba wasiyya, amma ba a wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ya mallaka sai magada sun yarda. Ni kuwa keken nan shi ne kusan duk abin da na mallaka, kuma ku biyu ne magadana. Don haka ba umarni nake bayarwa ba, roƙo nake yi. In kun ƙi, haƙƙinku ne, ba zan riƙe ku ba. In kun yarda, Baba ya faɗa mata da bakinsa, don ta daina lulluɓe shi da zani kamar kayan aro.

4. Yaya Tawfiq da Anti Rekiya ƙanwar Umma, a kaina kuka yi faɗa ranar Sallah, har yau ba ku gaisa da kyau ba. Yaya ya ce kasuwa ba gidan marayu ba ce, a dawo da keken, a yi wa ƙyallen kwali mai kyau, a kai manyan kantuna inda masu kuɗi za su biya ninki. Anti ta ce abin kunya ne a karɓi kuɗin yarinyar da ko kumallo ba ta karya ba, a raba kyauta kawai, ta kira shi ɗan jari-hujja, shi kuma ya kira ta uwar agaji. Ga abin da na so in ce a lokacin.

Anti, an taɓa kawo mana audugar kyauta makaranta. Aka ɗauki hotuna, aka tafi, ba a dawo ba. Namu bai tsaya ba, domin ribar ce take sayo yadi, take biyan Anti Lucy. Kuma yarinyar da ta biya takan dawo ta ce ɗinkin ya warware, a gyara. Wadda aka ba kyauta godiya kawai take yi, ko da abin bai yi ba.

Yaya, gaskiyarka ce, ba riba ba sana'a. Kai ka koya mini haka, na gode. Amma masu shiga manyan kantuna ba sa fashin makaranta. In aka kai can, za a sami kuɗi, a rasa waɗanda aka fara dominsu. A darasin tattalin arziki an ce mana ɗan kasuwa riba kawai yake nema. Ban san yadda manyan kamfanoni suke ba, ban isa in ce ba. Na dai ga keke ɗaya yana ciyar da gida, yana kuma tsayar da 'yan mata a aji. Don Allah ku shirya. Yaya ya fara gaisuwa, shi ne ƙarami.

5. Kauthar da Nazeefa, ku ci gaba da sayarwa in Umma ta bari. Ku fara biyan Anti Lucy ladan ɗinkinta kafin ku taɓa riba. In yadi ya yi tsada, ku ƙara kaɗan ku faɗi dalili, kada ku sauya da mara kyau a ɓoye. Ku miƙa wa mai saye a baƙar leda, ba a gaban maza ba. Nazeefa, ban da dariya.

Baba, Umma, ku yafe mini wahalar asibiti da duk abin da na yi muku. Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya raya ƙannena, Ya yi wa Yaya buɗi na halal. Ku riƙa cin abinci tare ko da ba ni, kada kowa ya ɗauki kwanonsa ya shige ɗaki.

In kuma Allah Ya tashe ni daga gadon aikin, ina neman izinin Baba in yaga wannan in sake rubuta wata, domin a lokacin zan so a sayi keke na biyu.

'Yarku,
Amatullahi